Neman gurbin makaranta ga yara uku a Manchester: ta ina zan fara?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san yadda ake neman makaranta a nan Ingila. Muna zaune a Manchester, gidan haya. Yarana uku. Babbar an haife ta a Maris 2015, tana aji 6 na firamare. Na tsakiya haihuwar Mayu 2017 ne, makon jiya ya iso daga Zariya, bai shiga ko'ina ba tukuna. Autar kuma Nuwamba 2021, tana nazare a makarantar da yayarta take.

Kansil, wato ƙaramar hukumar yankinmu, ta turo takarda cewa in cike wa babbar fom ɗin sakandare kafin ƙarshen Oktoba. Wasu sun ce in rubuta makaranta ɗaya tak, wai dole a ba ni ita tunda ban zaɓi wata ba. Wasu sun ce in sa adireshin wan maigidana, don gidansa yana dab da makarantar da nake so. Ga shi kuma mai yiwuwa mu tashi daga gidan nan a Disamba. Na tsakiyan na kai shi ofishin makarantar 'yan'uwansa, an ce ajinsu ya cika. Autar kuma ina zaton tunda tana nazarensu za ta wuce kai tsaye, ko ba haka ba ne? Ina kuma son babbar ta samu makarantar 'yan mata zalla in da hali. Allah ya ba da lada.

Baban Safwan:

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Abu na farko da za ki sa a ranki shi ne, a nan babu alfarma a wannan harka. Shugaban makaranta ba shi da ikon ya ce ya ba ki gurbi don ya ga kirkinki ko don wani ya yi miki magana. Kowace makarantar gwamnati tana da adadin yaran da ta shelanta za ta ɗauka a shekara, tana kuma da rubutattun ƙa'idojin da za ta bi in masu nema sun fi guraben yawa. Duka suna ƙarƙashin kundin dokar ɗaukar ɗalibai na ma'aikatar ilimi, wanda aka sabunta a 2021. Wanda ya karanta ƙa'idojin ya cike fom daidai ya fi wanda ya san mutane.

Ki riƙe ranakun nan da kyau. Na sakandare, wato shiga aji 7 a Satumba 2026, ana rufe karɓar fom ranar 31 ga Oktoba 2025. Sakamako yana fita 1 ga Maris, amma tunda a 2026 ranar ta faɗo Lahadi, sai Litinin 2 ga wata. Na autarki, wato ajin share fage da za ki ga an rubuta Reception a fom, ana rufewa 15 ga Janairu 2026, sakamako 16 ga Afrilu. Duk fom ɗin da ya shiga bayan an rufe, ba a duba shi sai an gama raba wa waɗanda suka kai nasu a kan lokaci, kuma lokacin duk makarantun da ake rububinsu sun cika. Kada ki jira daren ƙarshe. In kin cike ta intanet ki tabbata kin danna maɓallin aikawa, kin kuma ga imel na tabbatarwa ya shigo. Mutane da yawa suna cikewa su ajiye, su ɗauka sun aika. In kin koma kin gyara wani abu, a shafukan kansil da dama sai kin sake aikawa gyaran zai shiga.

Fom ɗin kansil ɗin da kike zaune a ƙarƙashinta za ki cike, wadda kuke biya wa harajin gida, ko da makarantar da kike so tana wata kansil. Wannan yana da muhimmanci a wajenku, don yankin Manchester kansil goma ne: Salford daban, Trafford daban, Stockport, Oldham, Bolton da sauransu kowa da tasa. Kina iya rubuta makarantar Trafford ko ta Stockport a fom ɗinki, su kansil ɗin za su yi musayar bayani a tsakaninsu.

Yanzu batun rubuta makaranta ɗaya. Wannan shawara ta cutar da iyaye da yawa, kada ki bi ta. Ga yadda abin yake aiki. Doka ta ce a ba ki damar zaɓi aƙalla uku, a Landan shida suke bayarwa, ki duba nawa naku fom ɗin ya ba ki. Kowace makaranta da kika rubuta, ana auna yarinyarki da ƙa'idojin makarantar ita kaɗai, kamar ita kaɗai kika nema. Makarantar ba ta la'akari da ko ta ɗaya kika sa ta ko ta ƙarshe, doka ta hana a fifita wanda ya sa makaranta a farko. Bayan an gama aunawa, kansil za ta duba: a cikin zaɓinki, waɗanne ne yarinyar ta cancanta? In ta cancanci biyu ko uku, za a ba ta wadda kika sa a sama, a saki sauran ga wasu. Ke nan zaɓi na biyu da na uku ba sa rage miki komai a na farko. In kuwa ɗaya kika rubuta kuma ba ta samu ba, kansil za ta ba ta makarantar da ta rage da gurbi bayan kowa ya samu, wadda tana iya kasancewa sai an hau bas biyu. Rubuta makaranta ɗaya sau uku ma bai ƙara komai.

Don haka tsarin da ya dace: ki sa wadda kika fi so a sama ko da samunta da wuya, sannan ki gangaro bisa son zuciyarki na gaskiya, amma lallai a cikin jerin a samu aƙalla ɗaya da kusan tabbas za ta samu. Yadda za ki gane ta: kansil tana wallafa yadda aka raba guraben bara da na shekarun baya, makaranta bayan makaranta. Za ki ga yara nawa aka ɗauka a kowane rukuni, da nisan gidan yaro na ƙarshe da ya samu. In na ƙarshe yana mil 0.9 ku kuma kuna mil 2.4, kin san matsayinki. Ki duba na shekara uku, kada ki tsaya a kan ɗaya, don nisan yana matsewa yana buɗewa gwargwadon yawan yaran shekarar da yawan ƙannen da suka shigo. Ki kuma duba yadda makarantar take auna nisa. Wasu miƙaƙƙen layi suke ja daga gida zuwa makaranta, wasu gajeriyar hanyar ƙafa suke bi, kuma da na'urarsu suke aunawa, abin da Google Maps ya nuna miki kimantawa ce kawai.

Ƙa'idojin sun bambanta amma galibi haka suke tafiya. Yaron da ke da takardar EHCP ta buƙata ta musamman, wadda aka rubuta sunan makarantar a ciki, dole a ɗauke shi. Sai yaran da hukuma ke riƙo ko ta taɓa riƙo, su doka ta sa a gaba. Bayansu wasu makarantun suna da rukunin larura ta lafiya ko ta zamantakewa, sai masu ɗan'uwa a makarantar, wani wurin 'ya'yan ma'aikata ko yaran wasu firamare da aka ambata, daga ƙarshe nisa. Rukunin larura yana buƙatar wasiƙar likita ko jami'in jin daɗin jama'a da ta bayyana dalilin da ya sa wannan makarantar ce kaɗai za ta dace da yaron, kuma a haɗa ta da fom tun farko. Cewa makarantar tana kan hanyarki ta zuwa aiki ba ya shiga nan.

Anti Rakiya:

Maman Hanifa sannu da ɗawainiya. Baban Safwan ya gama da maganar zaɓi, ni zan yi ta adireshi da ta ƙananan biyu.

Adireshin wan maigidanki, ki bar wannan magana gaba ɗaya. Adireshin da doka ta sani shi ne inda yarinya take kwana a ranakun makaranta. Kansil tana da rajistar harajin gida a hannunta, tana kuma iya dubawa da adireshin da firamaren yarinyar take da shi. Wata za ta nemi takardar yarjejeniyar haya, takardar wuta ko gas ta watannin nan, ko wasiƙar likita mai sunan yarinyar. Sau da yawa ma maƙwabtan da nasu yaran suka rasa gurbi su ne ke kai rahoto. In aka gano, ana janye gurbin, kuma doka ta yarda a janye ko da yarinya ta fara zuwa, musamman in ba ta wuce zango ɗaya ba. Sai a sake duba fom ɗin da adireshin gaskiya a lokacin da ko'ina ya cika. Ki yi tunanin yarinya ta sayi yunifom ta yi ƙawaye a cire ta a tsakiyar Oktoba. Ban da haka, mai zaune da biza bai kamata ya sa hannu a takardar hukuma da bayanin ƙarya ba, ko da kuwa a kan ƙaramin abu ne.

Batun tashi a Disamba: ki cike fom yanzu da adireshin da kike ciki, kafin 31 ga Oktoba. Kada ki jira ki tashi. Yawancin kansil suna da wata rana bayan rufewa wadda in kin kawo shaidar sabon gida kafinta, za a auna nisa daga can kuma a ɗauke ki a matsayin wadda ta kai a kan lokaci. Kowace kansil da tata ranar, tana rubuce a littafin bayanin da suke fitarwa a Satumba, ki nemo ta yau. Shaidar da ake karɓa ita ce yarjejeniyar haya da aka sa wa hannu, wasu kuma suna son ganin shaidar cewa kin saki tsohon gidan. Cewa "muna shirin tashi" ko wasiƙar dillali ba ta wadatarwa. In kin tashi bayan ranar, da tsohon adireshi za a yi rabon Maris, sabon sai ya yi miki aiki a jerin masu jira. Kuma wajibi ne ki sanar da su in kin tashi, ko da tashin zai nisanta ki da makarantar. Shiru a nan ana ɗaukarsa daidai da ba da adireshin ƙarya.

Tunda kuna neman gida yanzu, ku nemi gidan da makarantu a zuciya. Kafin ku biya kuɗin ajiya, ku duba nisan bara na firamare da sakandaren da ke kusa da shi. Ga autar tashin Disamba ya zo daidai, tunda nata fom ɗin sai 15 ga Janairu.

Autar ba za ta wuce kai tsaye ba. Zama a nazaren makaranta ba ya ba yaro gurbi a ajin share fage, sai kin cike fom kamar kowa, kuma a makarantu da yawa ba ya ƙara mata ko da maki ɗaya. Duk shekara akwai iyayen da ba su cike ba saboda wannan zato, sai Afrilu su ga kowa ya samu wasiƙa ban da su. Wani abin kuma, kada ki dogara da cewa yayarta tana makarantar. Galibin ƙa'idoji suna cewa ɗan'uwan ya kasance yana nan a lokacin da ƙaramin zai fara, wato Satumba 2026, lokacin kuwa babbar ta tafi sakandare. Wanda zai iya ja mata gurbi shi ne na tsakiya: yana aji 4 bana, baɗi yana aji 5, yana nan daram. Saboda haka inda ya samu yana da tasiri a kan inda za ta samu. In ya shiga makaranta kafin 15 ga Janairu, ki rubuta sunansa da ranar haihuwarsa a gurbin 'yan'uwa na fom ɗinta, don ba za su nemo da kansu ba. In ya shiga bayan kin aika, ki rubuta wa kansil ki sanar da su nan take. 'Yan uba ko 'yan uwa ɗaya da ke gida ɗaya yawanci suna shiga wannan rukuni, amma 'ya'yan wa da ƙane ba sa shiga a mafi yawan wurare.

Shi na tsakiyan, nasa neman tsakiyar shekara ne, fom ɗinsa daban. A wasu wurare kansil ke karɓa, a wasu kuma makarantar da kanta, shafin kansil zai nuna miki wace makaranta ke bin wane tsari. Abin da na fi so ki gane shi ne, maganar baki a tagar ofis cewa "mun cika" ba amsa ba ce. Kina da haƙƙin neman kowace makaranta ko ta cika. Ki cike fom, doka ta ce a ba ki amsa a rubuce cikin ranakun makaranta 15, ana ma so a yi cikin 10. In an ƙi, wasiƙar dole ta faɗi dalili ta kuma gaya miki yadda za ki ɗaukaka ƙara, sannan ki nemi a sa shi a jerin masu jira, inda kasancewar yayarsa a makarantar yanzu zai iya ɗaga shi sama. A lokaci guda ki tambayi kansil makarantun da ke da gurbi a aji 4, wajibinsu ne su gaya miki. In ya kai mako huɗu a gida kuma babu gurbi a nisan da ya dace, ki rubuta musu ki nemi a duba shi a ƙarƙashin tsarin da suke kira Fair Access Protocol, wanda ke ba da damar a sa yaro a makaranta ko ta cika.

A nan da ranar haihuwa ake sa yaro aji, daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta. Ko a Zariya ya kai aji 5, aji 4 za a sa shi. Rifot ɗinsa na can ki ajiye don malamin aji, amma ba a ɗauka ko ƙin yaro da shi, ba a yi masa intabiyu, ba a ƙin sa don Turancinsa bai nuna ba, ba a kuma karɓar ko fam ɗaya na neman gurbi. Makarantar gwamnati ba ta cikin tallafin da aka hana masu biza ci, yaron da ya shigo a matsayin ɗan mai bizar aiki ko ta karatu yana da haƙƙin shiga. Wanda ya shigo da bizar ziyara shi ne ba haka ba.

Malam Abu Yusra:

Kan makarantar 'yan mata. A cikin Manchester akwai Levenshulme High School da Whalley Range, duka na 'yan mata ne kuma na gwamnati. Akwai kuma Eden Girls' Leadership Academy a Cheetham Hill, ta ƙungiyar Star Academies, wadda ke da tsarin Musulunci kuma kyauta ce. Duk a fom ɗin kansil ake rubuta su. Kowacce ki shiga shafinta ki sauko da ƙa'idojin shiga na Satumba 2026, kada ki yi aiki da na bara ko da abin da wani ya ce, don akadami, wato makarantar gwamnati da ba kansil ke tafiyar da ita ba, ita ke tsara nata ƙa'idojin kuma suna iya canzawa.

Makarantun addini, na Musulunci ko na coci, wasu suna da ƙarin fom da ake mayar wa makarantar kai tsaye, wani lokaci da sa hannun limami ko shaidar addini. Fom biyu ke nan: na kansil da na makaranta. Wanda ya cike na makaranta kaɗai bai nemi gurbi ba sam. Wanda ya cike na kansil kaɗai za a duba shi, amma a rukunin ƙasa. Wasu sakandaren kuma suna yin wata jarrabawa ta rarraba yara rukuni-rukuni bisa ƙoƙari don su ɗebo daga kowane rukuni. Ba a faɗuwa a irin wannan, amma yaron da bai zauna ba yakan koma bayan waɗanda suka zauna. Makarantun Islamiyya masu zaman kansu na kuɗi ba sa cikin wannan tsari, su kai tsaye ake nema.

Makarantun Trafford masu ɗauka da jarrabawa, irin su ta 'yan mata ta Altrincham, da na maza da mata na Sale da Stretford, rajistarsu tun yaro yana aji 5 ake yi, wajen Afrilu zuwa Yuni, a zauna jarrabawa a Satumba na aji 6. In babbar ba ta zauna ba, kada ki ɓata gurbin zaɓi a kansu sai kin tuntuɓi makarantar kin ji ko akwai zama na makara. Amma ki riƙe wa na tsakiya wannan lissafi: nasa rajistar a 2027 za ta zo.

Ki je ranakun da suke buɗe ƙofa ga iyaye, yanzu ne lokacinsu, Satumba da Oktoba. Rahoton Ofsted, hukumar da ke duba ingancin makarantu, yana da amfani, amma ki duba shekarar da aka yi shi, kuma tun Satumba 2024 sun daina ba makarantun gwamnati hukuncin kalma ɗaya, sai ki karanta cikinsa. Ki tambaye su a can: akwai ɗakin salla, ana ba da abincin halal, yaya ƙa'idar hijabi da kayan motsa jiki, wane taimako ake ba yaron da Turanci ba harshen gidansu ba ne. Ki kuma gwada hanyar da yarinya za ta bi da safe. A Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, makarantar da ke buƙatar bas biyu ba ƙaramin abu ba ce ga 'yar shekara 11.

Maman Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bar maganar adireshin. To in Maris ta zo aka ba ta wadda ba na so fa? In ƙi karɓa don su san da gaske nake?

Baban Safwan:

A'a, ki karɓa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Karɓar gurbin da aka ba ki ba ya taɓa matsayinki a jerin masu jira, ba ya kuma raunana ƙararki. Ƙin karɓa ba ya matsa wa kowa lamba, kawai za a ba wani gurbin, ke kuma nauyin ilimin yarinya yana wuyanki a doka. Wasiƙar za ta faɗi ranar da za ki amsa, kada ki bari ta wuce.

Jerin masu jira ba layin wanda ya riga zuwa ba ne, da ƙa'idojin makaranta ake jera shi. Kina iya zama ta 4 yau, gobe ki koma ta 6 don wasu sun tare kusa da makarantar. Wasu kansil suna sa suna da kansu a jerin makarantun da kika fifita a kan wadda aka ba ki, wasu sai kin nema, don haka ki tambaya. Doka ta ce a riƙe jerin aƙalla zuwa 31 ga Disamba na shekarar shiga, bayan nan a wurare da yawa sai an sabunta. Motsi ya fi yawa daga Maris zuwa farkon Satumba, lokacin da masu tafiya makarantun kuɗi da masu barin gari suke sakin guraben.

Ɗaukaka ƙara haƙƙinki ne a kan kowace makarantar da aka hana ki, kowacce da tata ƙarar. Dole a ba ki aƙalla ranakun makaranta 20 daga ranar wasiƙa don ki shigar, a sanar da ke ranar zama da aƙalla ranakun makaranta 10, a kuma saurara cikin ranakun makaranta 40 daga rufe karɓar ƙara. Na tsakiyar shekara cikin 30 ne. Kwamitin mutum uku ne ko fiye, masu zaman kansu, ba ma'aikatan makarantar ba, kuma hukuncinsu dole makaranta ta bi. Ba ki buƙatar lauya. Kina iya zuwa da wanda zai taimake ki, kina iya neman tafinta tun da wuri.

Zaman hawa biyu ne. A na farko makaranta za ta nuna an bi ƙa'ida kuma ƙarin yaro ɗaya zai cutar da karatun sauran. A nan ki duba ko an yi kuskure: an auna nisa daga gidan da ba naku ba, an manta ɗan'uwa, ba a duba wasiƙar likita ba. Ki tambayi yara nawa ke kowane aji a yanzu, ko sun taɓa ɗaukar sama da adadinsu ba tare da matsala ba. A hawa na biyu ake auna cutarwar makaranta da ta yarinyarki. Abin da ke aiki shi ne hujja a kan me ya sa wannan makarantar ta dace da wannan yarinyar, da takarda a hannu: wani darasi ko taimako da suke da shi wanda take buƙata, larurar lafiya, tsawon tafiya da aka lissafa da jadawalin bas, dalilinku na addini na son makarantar 'yan mata in an bayyana shi dalla-dalla. Zagin makarantar da aka ba ki ko cewa waccan ta fi sakamako mai kyau ba ya motsa kwamiti, don kowa haka zai ce.

Ga autar kuwa lamarin ya fi tsauri. Daga ajin share fage zuwa aji 2 doka ta ƙayyade yara 30 ga malami ɗaya. In saboda wannan aka ƙi, kwamiti ba zai iya auna halin da kuke ciki ba. Sai dai in an yi kuskuren da ya hana ta gurbin da ya kamata ta samu, ko ƙa'idojin sun saɓa doka, ko hukuncin ya zama wanda babu hukuma mai hankali da za ta yanke shi. Shi ya sa nata aikin a fom ɗin Janairu yake, ba a zauren ƙara ba.

Anti Rakiya:

Ƙari kaɗan kan abin da Baban Safwan ya faɗa. Kuɗin mota: in makarantar da aka ba yaro ita ce mafi kusa da ke da gurbi kuma ta wuce mil 2 ga ɗan ƙasa da shekara 8, ko mil 3 ga ɗan 8 zuwa sama, kansil ke ɗaukar nauyin zirga-zirga. Amma in ba ki rubuta makarantun da ke kusa da ku a fom ba kika zaɓi ta nesa, suna iya cewa zaɓinki ne, ki biya da kanki. Wannan ma dalili ne na sa ta kusa a cikin jerin.

Sai batun tafiya gida hutu. In za ku je Najeriya a Agusta, ku dawo kafin ranar buɗewa, kuma ki riƙa duba imel ɗin da kika cike fom da shi, don in gurbi ya fito daga jerin masu jira kwanaki kaɗan ake ba mutum ya amsa kafin a wuce ga na baya. Fashin makaranta ba da izini ba yana jawo tara: tun Agusta 2024 fam 80 ce ga kowane mahaifi a kan kowane yaro in an biya cikin kwana 21, in an wuce ta zama 160. Doguwar tafiya ta ranakun makaranta 20 a jere ba izini tana iya kaiwa ga cire sunan yaro, sai a sake neman gurbi daga farko. Ranar Sallah ana ba da izininta, amma ki rubuta wa makaranta tun kafin ranar.

Fom ɗin na tsakiya ki aika shi a wannan makon, ki sa makarantar 'yan'uwansa a farko da wasu biyu da kansil ta ce suna da gurbi a aji 4, ki haɗa da takardar hayarku.